Yadda Inna Ta Ɓata wa 'Yan Fim Shiri

Wata Asabar da hantsi, shekarar da nake aji huɗu a firamare, ina zaune a soron gidanmu na Koki ina wanke allona, sai ga wani mutum da hular hana-sallah ya tsaya yana ƙare wa katangarmu kallo. Damina ta zaizaye ta, ga tsaga har ana hango turmin Inna, mahaifiyata, daga waje. Ya yi sallama da Baba, ya ce shi darakta ne, za su sake yin wani tsohon fim na barkwanci, labarin attajirin da ke toshe hanci in ya ga talaka, har ƙaddara ta kai shi kwana a gidan mai ga-ruwa. Gidan mai ga-ruwan ne suka rasa, sai da suka ga namu. Baba bai iya cewa a'a ba, ya ce su zo ranar Laraba.

Ni kam tsoro ya kama ni, don na san yaran unguwarmu sarai. In suka laƙa maka suna, har ka yi furfura da shi za a kira ka. Kafin la'asar an fara yi mini waƙa a wajen langa, wai ɗan gidan fatara. Na je ɗibar ruwa a famfo ina sharar hawaye, ina tunanin ranar da duk Kano za ta zauna tana dariyar bangonmu.

Inna kuwa, abin da ta ji kawai shi ne baƙi za su zo. Washegari ta tashe mu, ni da yayyena, muka kwaɓa ƙasa da ƙafa har gwiwa, aka toshe tsaga, aka yi yaɓe, aka shafe soro da farar ƙasa. Ta goge kwanonin jerenta suna walƙiya, ta aro darduma a maƙwabta, ta turare ko'ina da turaren wutan da ta koya wurin kakarta 'yar Barno. In mun yi ƙorafin gajiya sai ta ce, "Baƙo ba zai ga ƙazanta a gidana ba."

Ranar Laraba darakta ya iso da mutanensa da kyamarori, ya yi turus a ƙofa, hannu a ka.

"Baba, ina gidan da na gani?"

"Ai shi ne wannan, Malam."

Wanda zai fito a attajiri ya yi ta dariya har matashin da ya cusa a matsayin tumbi ya faɗo. Darakta ya roƙa a bari su ɗan kankare bangon, Inna ta amsa daga bayan labule cewa su fara cin abinci tukuna. Suka cinye dambun da ta kawo tas, kunya ta hana su sake maganar, suka tattara suka nemi wani kango can. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Da fim ɗin ya fito na kalla a gidan maƙwabta, na yi dariya fiye da kowa.

Yanzu gidan ya zama na siminti, babu mai tsayawa ya kalle shi, 'ya'yana kuma a waya suke kallon barkwanci kowa shi kaɗai. Nakan yi kewar ƙamshin ɗanyen yaɓen nan. Har Inna ta rasu ban tambaye ta ko da gangan ta yi ba.