Farin Layin da Ya Raba Ni da Motar Kawu

Mun tashi daga Maijirgi ana idar da sallar asuba, mu uku: ni, ƙanena da Kawu. Kawu ya sayi motar ɗaukar kaya, ya ce a wannan tafiya ta kasuwar Mayahi zai zaɓi direbanta a cikinmu. Ban damu ba. Shekara goma ina tuƙi cikin yashin Gidan Amumune, shi kuwa ƙanen nawa bara ya gama makarantar koyon mota a Maraɗi.

Ni na fara riƙe sitiyari. Kafin mu kai Tasawa, a wani hawa, iska ta fizge hular Kawu ta taga. Nan take na karkata zan juya.

"Yaya, nan ba a juyawa," in ji ƙanena. "Layin bai tsinke ba."

"Rufe mani baki, malamin takarda!"

Farin layin nan na tsakiyar kwalta, wallahi duk rayuwata na ɗauka inda ya tsintsinke fenti ne ya ƙare wa masu aiki. Na gitta motar ke nan sai ga babbar mota ta ɓullo daga bayan tudu tana kurma ihu. Da ƙyar ta kauce mana. Hular kam ta bi ta kanta.

Kawu ya daɗe yana salati, sannan ya ce, "Ba shi makulli, kai koma baya."

A Tasawa suka ci ƙosai mai zafi da yaji, ni kuwa na ture nawa gefe. A Mayahi gero ya yi tsada, awaki sun yi araha, amma abin da kunnena ya fi ji shi ne Kawu yana nuna ƙanena yana cewa "direbana". Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Yaron da na goya!

A dawowa muka zarce gidan da za mu sauke buhu. Na gyara zama, ina fatan ya yi irin tawa. Ina! Sai da ya kai inda layi ya tsinke, hanya ta miƙe fayau, ya kunna fitilar gefe, ya duba gaba da baya, sannan ya juya.

Mun iso gida da la'asar. Abin da na koyo: ba a juya mota a kan layin da bai tsinke ba, ko a hawa, ko a kwana. Da yamma na aika a aro mini littafinsa na dokokin hanya. Na ce kada a faɗa masa wa ke so.