Ƙaryar da na yi wa Baban Haruffa

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ina zaune a ofis ina gyara launin wani maballi, manajanmu ya shigo ya tsaya a tsakiyar ɗaki kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Da ƙyar ya ce, "Baban Haruffa ya rasu." Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kowa ya ɗauki salati, ni kuwa sai na tuna maganar da na bari tsakanina da kai, Baba, ina ta cewa sai ka warke.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne dattijon ɗan kamfaninmu. Muna yin manhajar waya da kwamfuta mai tuna wa marasa lafiya lokacin shan magani. Ni ce mai yi wa manhajar kwalliya, launi da tsari, shi kuma ke zaɓen salon haruffan da za a rubuta komai da su. Aikin kamar wasa ne a idon wanda bai sani ba. Amma kowace na'ura da irin babbar manhajar da ke tuƙa ta, kuma salon da ya fito tsaf a wannan yana iya zuwa waccan ya tsuke, ko ya ɓace a maye gurbinsa da wani. Wani lokacin ƙ da ɗ da ɓ su koma 'yan akwatuna fanko. Shekara ashirin da biyu ya yi yana yaƙi da 'yan akwatunan nan.

Baba, har yanzu teburinka yana nan a lungun taga. Wayoyi da kwamfutoci goma sha ɗaya, wata fuskarta a tsage, wata sai an danne cajarta da littafi take kawo wuta. Maƙabarta muke ce wa teburin don tsokana, yanzu kuwa babu mai iya furta kalmar. Ba ka taɓa barin rubutu ya fita ba sai ka buɗe shi a kan kowacce. Ka cire tabarau, ka ja da baya taku uku, ka karanta da ƙarfi. In lambar ɗaya da ta bakwai suka yi kama, ka soke salon komai kyansa. Kullum salo uku kake jerawa, wai in na farko babu shi a na'urar mutum na biyu ya tsaya masa, in shi ma babu na uku ya rufa asiri.

Ni dai abin yana cin raina, ba zan ɓoye ba. Hajiya Gaggawa kake ce min. In na kawo salo siriri mai sheƙi sai ka yi dariya ka ce, "'Yar nan, idonki lafiya lau ne shi ya sa. Wanda zai karanta wannan yana kwance, hannunsa na rawa."

Alherinka ba ya ƙirguwa. Matar da ke share mana ofis ta daina kai wa 'ya'yan maƙwabta saƙonninta su karanta mata tun ranar da ka zauna da ita a bakin matakala ka ƙara mata girman rubutun wayarta. A shekarata ta farko na goge aikin mako guda da hannuna, ina kuka wiwi, ka shiga wurin manaja ka ce kai ne ba ka nuna min yadda ake ajiya ba. Da mahaifina ya rasu, kai ka riƙe aikina wata guda ba ka taɓa ambata ba.

Ga abin da na saka maka da shi. Da ciwon sukari ya kwantar da kai a gida, idonka ya fara dushewa, aka ce in fitar da sabuwar kwalliyar manhaja ni kaɗai. Na cire salonka na sa wanda na daɗe ina so. A sabuwar kwamfutata ya yi kyau har manaja ya tafa. Na kalli teburinka, ƙura ta fara hawa, na ce wa zai tsaya cajin waɗannan tarkacen? Na tura aikin haka nan.

Bayan kwana biyu na je duba ka da la'asar. Kana jingine da matashi, ka rame, kwalaben magani jere a kan kujera. Muka gaisa, ka tambayi kowa da kowa. Sannan ka ce, "Hajiya Gaggawa, kin kai shi teburi?"

Na ce, "Na kai, Baba."

"Duka sha ɗayan?"

"Duka."

Ka daɗe kana kallon wajen da nake. Ka ce, "Madalla." Wannan ne ganina da kai na ƙarshe. Da ƙorafi ya fara shigowa daga masu tsofaffin wayoyi sai kunya ta hana ni komawa, na ce bari in gyara tukun, in ka ji sauƙi in faɗa maka muna dariya. Ban gyara ba, ban koma ba. Kwana tara ka ƙara a duniya.

Tun daga ranar rasuwarka barci bai zauna min ba, aiki ma haka. Ina buɗe kwamfuta sai in ji kamar kana tsaye a bayana. Rannan da rana tsaka ɗaya daga cikin wayoyin teburinka ta yi ƙarar tunin magani, wani gwaji da ka saita tun kafin ka kwanta. Wallahi sai da na fita waje na zauna a ƙasa.

Da abin ya ishe ni na tafi wurin matarka, wadda duk muke kira Mama. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai. Ba ta yi mamaki ba. Ta tashi ta ɗauko wayarka, tsohuwa irin ta teburin, ta buɗe manhajarmu ta miƙo min. Sunayen magunguna sun tsuke sun hau juna, adadin ƙwaya ya yanke a gefe, ga akwatuna nan birjik.

Ta ce, "Da ita yake shan maganinsa, 'yata. Safiyar da ta canza ya kira ni, ya ce ko idonsa ne ya ƙarasa tafiya. Na ce masa ni ma ban gane ba."

Na ce, "Kafin in zo ne, Mama?"

"Kwana biyu kafin ki zo."

Ashe ka sani. Ashe ƙofa ka buɗe min da tambayar nan har sau biyu, na rufe ta da hannuna. Na tambaye ta ko ka tsallake magani saboda ni. Ta rantse ko sau ɗaya ba ka tsallake ba, domin a takarda ka sa ta rubuta komai da manyan baƙaƙe. Kwana ne ya ƙare. Amma ta ce abin da ya dame ka shi ne waɗanda ba su da mai rubuta musu.

"Kullum la'asar sai ya ce a bar ƙofa a buɗe, za ki dawo," in ji ta. "Ya ce in kin zo kin faɗa da bakinki, in ce miki ya yafe. In ba ki faɗa ba kada in tayar da maganar har abada."

Na mayar da salonka a ranar, Baba, na nemi afuwar masu amfani da manhajar da sunana. Amma la'asar taran nan da ka yi kana jirana, ba ni da yadda zan mayar maka da su.

Allah ya jiƙanka da rahamarsa, ya haskaka kabarinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ya saka maka da Aljanna saboda kowane mara lafiya da ya karanta maganinsa daidai bai san sunanka ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka huɗu, da ƙannenka, da abokan aikinmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya albarkaci bayanka. Ni kuma da na yi maka ƙarya a ganinmu na ƙarshe, duk wanda ya karanta wannan ya roƙa min Allah ya karɓi yafiyar da ka bar min.