Tawul ɗin Baba da Injin da Na Kawo

Tun ina yaro Baba wankin mota yake yi a bakin kogi, ƙasa da kasuwar Rufa'a kaɗan. Duro biyu ne jarinsa, da bokiti, da tawul-tawul da ba ya yarda kowa ya taɓa. Da damina, in ruwan Nilu ya koma kamar kunu, sai ya cika duro tun jiya, ya daka 'ya'yan zogale ya zuba, laka ta kwanta. Wankin ma bai dame shi ba kamar tsanewa. Tawul na hannun dama, tafin hagu na biye, yana shafa ƙarfen a hankali. Direbobin boksi, wato a-kori-kura masu jigilar albasa da mutane, kan tsokane shi wai ko jaririn da aka haifa jiya ba a lallaɓa shi haka.

Ni kuwa malamin makaranta na zama a Damazin, kuma ina da cutar nan ta masu ɗan karatu: duk abin da na gani a birni sai in ga gidanmu a baya yake. A wata magsala, gidan wankin mota na zamani, na ga ana tsane mota da injin hura iska, kafin ka sha shayi an gama. Na tuna yadda Baba ke riƙe kafaɗa da yamma yana cije leɓe. Na sayi ƙarami mai batir, na hau mota ina jin kaina ɗa na gari.

Inna ce ta fara ganinsa. Ta juya shi, ta ce, "Ka bar shi a gida tukuna." Na tambayi dalili, ta koma kan tukunyarta. Ni da taurin kai ban sake tambaya ba.

Da hantsi na kai masa bakin kogi, gaban direbobi, don a gani. Ranar wani alhaji mai boksi uku, wanda ya fi kowa kawo wa Baba aiki, ya zo da baƙar motarsa ta shiga gari.

"Mi na na wanga, ya waladi, ɗana?" in ji Baba.

"Hutu na kawo maka, Baba. Iska za ta yi aikin tawul."

Direbobi suka hau shi da "Jarraba mana, ya haj!" Ba ya iya kunyata ɗansa gaban mutane, sai ya rataya tawul a kafaɗa ya karɓa da hannu biyu.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, injin nan da ido ake aiki da shi. Sai ka ga ɗigon ruwa kafin ka kore shi. Baba ya tsaya kan ƙofa ɗaya yana ta hura ta bayan ta bushe ƙayau, ruwa kuwa na gangarowa daga rufi a gefensa. Ya sauke bakin injin ƙasa, ƙura ta tashi ta manne a jikin jiƙaƙƙiyar motar, ta yi jawur. Ya kashe, ya ja baya, ya yi murmushi ya ce, "Kwayyis, madalla. Ta yi tas."

Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Alhajin ya matso ya ɗaga hannu a gaban fuskar Baba, a hankali, Baba bai ko ƙifta ba.

Nan na gane abin da Inna ta sani. Yanar ido ta daɗe da rufe masa gani. Tafin hagun nan da muke yi wa dariya, shi ke gaya masa inda ruwa ya rage.

Na ƙwace injin, na miƙa masa tawul, na ce ƙura ce ta yi yawa, laifin injin ne. Ya sake wanke motar, ya tsane ta da hannu har tana ɗaukar ido. Amma an riga an gani. Alhajin ya dafa shi ya ce, "Halas, shi ke nan, ya haj, ka yi naka. Ka huta, Allah shi ba da lafiya."

Da zaginsa suka yi, da na san da wanda zan yi faɗa. Tausayi ne ya kashe masa sana'a. Kowa ya ji nauyin sa makaho aiki, sai su biyo su gaishe shi, su wuce da motocinsu gaba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rantsuwa cewa hannunsa bai canja ba. Kowa ya ce haka ne, wallahi haka ne, kuma ba wanda ya dawo. Likita ya ce an makara da ido ɗaya, ɗayan sai abin da Allah ya yi. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan huce a kansa sai kaina.

Ran da zan koma Damazin na same shi a tsakar gida yana ninke tawul-tawul ɗinsa, injin na gefe, ya goge shi fes. Na durƙusa na ce ya yafe mini.

Ya lalubo kaina ya dafa. "Ba ka yi komi ba, ya waladi. Shekara uku ina wanki a gabansu, ba wanda ya gane. Sai da ɗana ya ji tausayina."