Awa Biyun Malam Isiyaku

Zaman gidan yari wahala ce, kada wani ya yi muku ƙarya. Shekara uku na yi a ciki. Na fito haƙorana biyu babu, gwiwa ta lalace, kuma har yau in aka bugo ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Ba tausayi nake nema ba, abin da na shuka shi na girba. Ku samarin unguwannin Mansur da Nakkasa na nan Makka nake wa magana, da ku na gida da kuke ganin duk wanda ke zaune a Makka waliyyi ne.

Ni haifaffen Makka ne. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya bi ta Sudan, yana tafe yana ƙwadago a gonakin mutane, har Allah ya kawo shi ya zauna. Mahaifina tela ne a Mansur, ko ƙyallen da ya rage a ɗinki sai ya mayar wa mai shi. Ni kuwa aji huɗu na yi a makaranta na gudu. Da na tasa sai dako a Mina lokacin Hajji da tura keken tsofaffi, har na sayi wata tsohuwar mota na zama kaddad, wato mai ɗaukar fasinja ba lasisi, tsakanin Makka da Jidda. Ina samun na tuwo. Matata ba ta taɓa kwana da yunwa ba, don haka kada kowa ya ce talauci ne ya sa ni.

Sai manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa suka fara tsayawa a tashar Jidda. Jirgi zai iso da safe, ya tashi kafin Magariba. Musulmin ciki da yawa ransu na kan Umara, tun a teku sun ɗaura ihrami. In ka tsaya a wajen ƙofar tasha ka ga mutum da farin ƙyalle biyu yana duba agogo, ka san Makka za shi, kuma sauri yake. Jirgin na da bas ɗinsa, amma ta fi tsada, kuma sai ta cika take tashi. Nan muke shiga.

Abu biyu na gane tun da wuri. Ihrami ba shi da aljihu. Sannan mutumin jirgi ba ya kai ƙara, don ba shi da lokaci. Sai in ce musu masu gadin Harami ba sa barin a shiga da babbar jaka, layin ajiya kuma zai cinye rabin awa, su bar min a bayan mota amana. Ranar farko turare kawai na ɗauka, ƙaramar kwalba. Na ce ai ladan gadi ne. Na mayar da su tasha kan lokaci, har da yi min addu'a. Daga turare sai takardar kuɗi ɗaya daga tsakiyar damin, daga nan sai agogo, sai zobe. Kafin su farga jirgi ya yi nisa a ruwa. Shekara biyu ina haka, ko sau ɗaya ba a tambaye ni ba.

Ranar da dubuna ta cika, wani tsoho na gani ya fito da ihrami, siriri, da tabarau, 'yarsa na biye da jaka a baya. Na ji tana cewa, "Baba, ka bi a hankali mana." Ina jin Hausa na san na samu. Na matsa na ce, "Sannu da zuwa Baba, an sha hanya."

Tsohon ya tsaya cak, ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Ikon Allah! Hajara, ji namu. Ɗana, kai ɗan ina ne?"

"Ɗan nan ne, Baba, amma tushen Kano. Kakana da ƙafa ya zo."

"To ni Bazazzagi ne, yau ka samu ubangida," in ji shi. Na ce ai Bakano ba ya ɗaukar Bazazzagi kyauta. Muka yi dariya har muka iso mota.

Sunansa Malam Isiyaku, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Zariya. Hajara ma'aikaciyar jinya ce, ita ta biya musu tafiyar, shi da mahaifiyarta Inna Rabi. Ita Innar sun bar ta a jirgi, don ƙafa ba ta takuwa sosai, ido ya yi rauni, kuma ban da Hausa ba ta jin komai. Kafin ya shiga mota na ga ya zagaya baya ya ɗan tsaya, leɓensa na motsi. Na ɗauka addu'ar hawa abin hawa yake.

Muna kama hanya na fara zuba musu abin da na saba. Na ce bayan Umara zan kai su Dutsen Nur, su ga Mina, su ga Arfa, mu biya kasuwar dabino. Hajara ta ce ita tana son ganin tsohon garin Jidda ma. Tsohon ya ce ta miƙo masa takardarsa. Ya gyara tabarau ya karanta mana kamar mai shela.

"Fita ƙofar tasha, takwas. Isa Makka, tara da rabi. Ɗawafi da Sa'ayi da tafiyar tsoho, awa biyu da rabi. Azahar a Harami. Aski. Ƙarfe ɗaya muna bakin mota. Ƙofar jirgi biyar take rufewa, hanya awa ɗaya da rabi, shiga tasha rabin awa. Ke nan ko an yi ruwa an yi iska, uku ta same mu a kan hanya."

Na ce, "To Baba, ai ga awa biyu nan a banza, daga ɗaya zuwa uku. Su za mu yi ziyara da su."

"A'a ɗana. Waɗannan na Allah ne. Na cunkoso, na taya in ta fashe, na abin da ba mu sani ba. Baƙon yini ɗaya ba ya hawan dutse. Abu ɗaya ya kawo ni, in na same shi na gode. Shekara talatin da biyar ina sallamar jirgi, ban taɓa ganin wanda ya jira fasinja ba."

Hajara ta ce, "Malam direba, haƙuri za ka yi, ko zuwa biki da takarda yake zuwa."

Tara da rabi daidai na sauke su a bakin titin da ke gangarawa Harami, kusa da wani shagon aski. Na yi musu karatun jaka. Hajara ta ce fasfo ɗinsu da katin shiga jirgi na ciki, bari ta cire. Tsohon ya ce, "Bar su, a cunkoson ɗawafi za su faɗi. A hannun ɗan'uwa muka bari." Ya mayar da takardarsa cikin jakar, ya ce ai ya haddace ta. Ta ɗauki wayarta kawai, ta karɓi lambata, suka gangara.

Na sami inuwa na buɗe jakar. Ga kaftaninsa a ninke, ga hula, ga fasfo biyu. A ƙasa, cikin safa, sai ga awarwaro na zinariya da sarƙa. Na san wannan ba irin abin da za a tsakura ba ne a ce ba a gani ba, mace na karɓar jaka nan za ta fara taɓawa. Ko in bar shi duka, ko in tafi da duka. Na kashe waya na tayar da mota, na hau Nakkasa gidan wani abokina da ya yi tafiya.

Abin da ban taɓa gaya wa alƙali ba shi zan gaya muku. Da na juye jakar, takardar nan ta faɗo. Lokacin ban iya karatun boko ba, amma lamba na santa. Ga ɗaya, ga uku, ga layi ya ja a ƙarƙashi. Agogon bango ya buga ɗaya, na san sun fito. Na ce a raina in na tashi yanzu sai in ce cunkoso ne. Ɗaya da rabi na sayo shinkafa na ci. Biyu ta yi, na ce har yanzu da sauran hanya. Biyu da rabi har na ɗauki makulli, na sake kallon zinariyar, na ajiye. Ina zaune ina kallo allurar ta hau uku ta wuce. Ba shaiɗan ba ne ya ɗaure min ƙafa. Ni ne.

Ana kiran Magariba shurɗa, wato 'yan sanda, suka buga ƙofa. Sun ga motar a bakin layi.

A ofishinsu na tarar da tsohon zaune a benci, kai a aske, har yanzu da ƙyallen nan biyu, don kayansa na wurina. Hajara ce ta taso min, ido jawur. Ta ce tun ɗaya da kwata da ta ji wayata a kashe ta ce su kai ƙara. Ashe tsohon ya haddace lambar motata tun a Jidda, sabon aiki ne, duk taragon da ya gani sai ya riƙe lambarsa. Amma ya hana ta. Ya ce ba zai haɗa ɗan mutane da hukuma a garin Allah a kan zato ba. Ya ce wataƙila taya ce, wataƙila cunkoso ne, ai don haka aka ware awa biyu. Suka tsaya a rana bakin shagon askin nan, duk farar motar da ta taho sai ya ɗaga hannu. Sai da uku ta cika ya faɗi lambar.

"Da tun ɗaya ya faɗa, da an kamo ka, da yanzu muna wurin uwata," in ji ta. "Jirgi ya tafi da ita. Ko ruwa ba ta iya roƙa da yarensu. Ka ji daɗi?"

Tsohon ya ɗago ya dube ni, ba faɗa, ba zagi.

"Ɗana, tambaya ɗaya. Me ya sa ka yi min Hausa? Da Larabci ka yi min, da na yi hattara."

Ya ce kakan nawa da na ce ya zo da ƙafa, a hanya wa ya riƙa ba shi ruwa? Sannan ya zaro takardar daga cikin kayan da aka shimfiɗa a tebur, ya miƙo min. "Riƙe. Na lissafa taya, na lissafa cunkoso, kai ne ban lissafa ba."

Daga baya na ji sai da suka kwana biyu kafin su cim mata ta jirgin sama a wata tasha a Masar. Kwana biyun nan ba ta ci abinci ba, tana zaune bakin ƙofar ɗaki da carbi, ta ɗauka sun mutu a hanya.

A gidana aka samu agogunan mutane da zobba. Alƙali ya ce cin amana ne, ya yanke min shekara uku. Matata ta koma gidansu, ban ga laifinta ba. A ciki na haɗu da wani dattijo ɗan Maraɗi, na roƙe shi ya koya min boko, ba don komai ba sai don in karanta takardar nan da idona. Wata huɗu na yi kafin in haɗa layin ƙarshe. An rubuta: "Ɗaya zuwa uku, na Allah. Kada a taɓa." Na tuba a wurin, kuma na san tuban gaske ne, don tun daga ranar ban ƙara cewa ƙaddara ce ta kai ni ba.

Yanzu ku saurara. Kai saurayi mai mota, kwalbar turaren nan ita ce ƙofar sijin, wato gidan yari, ba zinariya ba. Ranar da ka buɗe jakar baƙo don ka leƙa kawai, ka riga ka tafi. Kuma duk abin da za ka yi, kada ka yi farauta da harshen uwarka. Wanda ya ji Hausa a bakinka a ƙasar nan ya saki jiki, ba kai ya yarda da shi ba, iyayenka ya yarda da su.

Ku kuma masu saukowa daga jirgi, ku yi yadda Malam Isiyaku ya yi. Ku tambayi lokacin da ƙofa ke rufewa, ba lokacin tashi ba, ku lissafo baya. Ku zaɓi abu ɗaya. Duk direban da ya ce zai haɗa muku Umara da dutse da Arfa da kasuwa a yini ɗaya, ku bar shi a tsaye. Ku hau mota mai lasisi ko bas ɗin jirgi ko da ta fi tsada. Fasfo a ɗamara, a jikinku. Ku ware awa biyunku, amma in direba ya kashe waya, kada ku kashe su a kansa. Na san abin da yake yi a lokacin. Shinkafa yake ci.

Ranar da aka sake ni, yayata ce ta zo ta ɗauke ni zuwa Mansur. Ta ce mijinta ya yi min magana a wani garejin bas, aikin wanki, in je da safe kafin wani ya riga ni. Na ce ta gaya masa zan zo, amma sai goma.

Washegari na yi Asuba a Harami, na jira rana ta fito. Ƙarfe bakwai na hau titin nan. Shagon askin yana nan, an sake masa fenti. Na tsaya daidai inda na sauke su, da takardar a hannuna, ban jingina da bango ba. Mai shagon ya leƙo sau biyu ya ce, "Ya hajji, mota kake jira?" Na ce a'a. Gwiwar nan ta yi ta zugi, ban zauna ba. Da tara ta cika na ninke takardar na sa a aljihu, na gangara gareji na karɓi bokiti da soso.