Yarinyar da Ake Kira Kezede

Shekaru sun ja, amma ban taɓa mantawa da ranar Talatar da na rubuta "kaza" a allon aji ɗaya ba. A wata firamaren En'e ne, wato ta hukumar gargajiya, da ke kan hanyar Kafur daga Malumfashi, shekara huɗu bayan samun 'yancin kai. Ni malamin Arabiyya aka ɗauke ni. Karatuna na allo ne da na zaure, da ajami nake rubutu, boko kuwa a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi da girmana. Malamin aji ɗaya ya tafi kwas, sai hedimasta ya ce in riƙe ajin kafin a turo wani. Kafin ɗin nan ya kai wata bakwai. Da safe in yi boko, da rana in zaga sauran azuzuwa da Arabiyya, da yamma in tura keke gida muryata a dushe.

A ranar na nuna wata yarinya mai suna Sikiratu, na ce ta karanta. Ta miƙe, ta haɗe hannu a ƙirji, ta ce da ƙarfi, "Ke, e, zed, e."

Aji ya tuntsure da dariya. Kafin a tashi tara, sunanta ya koma Kezede.

Hedimasta ya kira ni ofis, ya buɗe rajista. A wancan lokaci benci ya yi kaɗan, don haka yaron da ya maimaita aji ɗaya bai iya karatu ba, sallamarsa ake yi a ba wani gurbin. Sikiratu maimaici take yi. A gaban sunanta an riga an rubuta "ba ta ganewa".

Ya ce, "Malam, mai duba makarantu zai zo bayan an gama cirar auduga. In ba ta karanta a gabansa ba, sai haƙuri."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta kuskure harafi ko ɗaya ba."

Ya ce, "To, ka taɓa cin naman kezede?"

Na fito. Amma abin ya tsaya mini a rai, don na san ciwon. A makarantar allo da babbaƙu ake farawa, wato sunayen haruffa, ba-guje, ta-guje, yaro ya yi ta rerawa. Da wannan kaɗai ba ya karanta ko kalma ɗaya, sai ya shiga farfaru an ɗora wa baƙi wasali. Wani ne ya yi wa yarinyar babbaƙun Turanci, ya tsaya a nan.

Ranar kasuwa na nemi rumfar uwarta. Bayarabiya ce mai sayar da kwanuka, Iya Sikira ake ce mata, mijinta yana jan motar auduga zuwa Funtua. A nan garinmu ta haifi 'yar, Hausa kuwa ta zauna a bakinta daram. Muka gaisa, na tambaye ta wa ke yi wa yarinyar karatu a gida.

Ta ce, "Wa kuwa in ba ni ba? Kullum bayan la'asar sai ta yi mini e-bi-si har zed kafin ta ga tuwo. Duk da haka an ce ba ta ganewa. In sun kore ta, Kudu zan kai ta wajen kakarta, in huta da Kezeden nan. Har 'yan tallan gyaɗa sun ɗauka."

Wata akuya na cin ɓawon rake a gefen rumfar. Na ce, "Iya, mene ne sunan waccan?"

"Akuya mana."

"In ta yi kuka, akuya take cewa?"

Ta dube ni, ta ce, "Malam, kwano ka zo saya ko almara?"

Na ce mata harafi ma haka yake, sunansa daban, kukansa daban. Abin da ta koya wa 'yarta sunaye ne, kuma na Turanci, karatu kuwa da kuka ake yin sa. Ta daɗe tana goge wani kwano wanda ba ƙura a jikinsa, sannan ta ce, "Aji biyu na yi a garinmu aka cire ni. Abin da na fito da shi ke nan. Shi za ka ce in zubar?"

Na ce, "Ajiye shi za ki yi. Ranar da aka fara musu Turanci za ta neme shi."

Na karɓi murfin kwano biyu da gawayi. A ɗaya na rubuta k, a ɗaya a. Na ce baƙi bebe ne, sai wasali ya matso kusa da shi yake samun baki. Na haɗa murafen: ka. Na goge, na sa i: ki. Na ce kullum baƙi ɗaya ya isa, a zaga da shi wasula biyar, kada a tambaye ta sunan kowa, kuma kada a haɗa da tuwo.

Abin bai zo da sauƙi ba. Uwar ce ma ta fi 'yar wahala, bakinta ya saba. Duk ranar kasuwa sai in biya in tarar ta koma "bi" da "di", mu sake daga farko. Akwai makon da na ce a raina na gaji, ba zan ƙara zuwa ba. Da na idar da sallar la'asar sai na ga ƙafata ta kai ni rumfar.

Mai dubawa ya zo, ya zauna a kujerata da jan biro. Da aka zo kan Sikiratu, hedimasta da kansa ya ɗauki alli ya rubuta "kaza". Yara suka fara ƙunshe dariya. Ta buɗe baki, na ji "ke" na shirin fitowa. Sai ta rufe. Ta ɗaga hannuwanta biyu kamar mai riƙe da murafe, ta haɗa su a hankali.

"Ka. Za. Kaza."

Mai dubawa ya rubuta mata "tulu", ta karanta. Ya rubuta "auduga", ta ɗan jima, ta karanta. Ya ja layi a kan "ba ta ganewa". A rahotonsa kuma ya rubuta cewa bai dace malami marar takardar koyarwa ya riƙe aji ɗaya ba. Mako biyu bayan haka aka mayar da ni Arabiyyata. Na gode wa Allah, don jikina ya riga ya gaya mini.

Ku da kuke aikin koyarwa yanzu, ga abin da na ɗauka. Kuskuren yaro yana da malami, sau da yawa kuma mai ƙaunarsa ne ya koya masa. Ku saurari abin da ya faɗa kafin ku rubuta a gaban sunansa. A rajistar nan akwai wasu yaran da aka yi wa rubutu irin nata, ban samu ƙarfin bin rumfunan iyayensu ba, aka sallame su. Su nake tunawa in na yi istigfari.

Sikiratu ta zauna a bencinta har ta gama. Sunan dai bai bar ta ba. Da ta shiga aji uku aka fara Turanci, malaminsu ya tambayi wanda ya san sunayen haruffa, sai ajin gaba ɗaya ya juya yana kallon Kezede.