Bututun Najiba da Idon Kaka Babandi

Idan ka tambayi 'yan unguwar Sabo ta Ibadan ina Najiba jikar Babandi, za a nuna maka wani bene da aka fara ginawa tun ba a haifi mahaifiyarta ba, har yau ba a rufe shi ba. A samansa kakanta ya shekara arba'in yana duban jinjirin wata. Dako ya yi a kasuwar Bodija har bayansa ya ƙi, amma ba da dako aka san shi ba. Ran ashirin da tara ga kowane wata, in Babandi ya sauko ya ce wata ya tsaya, to liman kansa ba ya musu. Da wannan kaɗai talaka bawan Allah yake taƙama a duniya.

Sai yanar ido ta rufe masa idon hagu ruf, na dama kuma ya fara hazo. Wata uku a jere yana saukowa bai ga komai ba, har matasan layi suka soma tsokanarsa: "Baba, oya, yau ma hadari ne?" Najiba in ta ji, kamar ta haɗiye zuciya.

Lokacin tana aji biyar na sakandare, ta faɗa son ilimin taurari tsamo-tsamo. Malamin Fiziks ɗinsu, Malam Haladu, shi ya ja mata, ranar da ya ce hasken wasu taurari ya baro gida tun ba a haifi kakan kakanta ba. Shi ke nan, yarinya ta ƙi zama. Mahaifiyarta Mairama, mai soya awara a cikin gida, har gajiya ta yi da ƙwala kira. Malam Haladu ya ba ta gilasai biyu, ta samo guntun bututun ruwa, ta yi sati uku tana ɗaurawa da kwancewa. Ran da ta hango ramukan jikin wata da shi, ihun da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo.

Ta kai wa tsohon ta ce, "Ango, ga sabon ido na kawo maka. Watan azumin bana kai za ka fara ganin sa."

"Kai, amarya," in ji Babandi yana shafa bututun, "ashe dai ba zan sake ki ba."

Abu ɗaya ne ba ta gaya masa ba. Malam Haladu ya faɗa, ya nanata, har ya buga tebur: kada a kuskura a kalli rana da wannan abin, ko tana gab da faɗuwa. Najiba ta sani sarai. Gani ta yi wa zai koya wa Babandi kallon sama? Kuma ai tana tare da shi.

Ran ashirin da tara ga Sha'aban, bayan la'asar, Mairama ta aiki Najiba unguwar Mokola da awara. Keke-napep ɗin da ta hau ya maƙale a cunkoso. Shi kuwa tsoho ya ƙosa, ya lallaba ya hau bene shi kaɗai. Dabarar masu duban wata ke nan tun fil azal: ka fara tsayar da ido inda rana take shirin faɗuwa, ka riƙe wurin, don jinjiri ba ya nisa da nan. Abin da ya yi shekara arba'in yana yi da ido tsirara, shi ya yi da bututu. Ya ɗora a idon dama, ya nemo rana, ya kuma daure, don a zatonsa haka sabon idon yake yaji.

Da ta iso tana haki, ta same shi zaune a ƙasa, hannu a fuska.

"Najiba, an kira magariba ne? Na ga duhu ya yi."

Wayyo Allah! Rana tana nan jajir a kan rufin kwanon Ibadan.

A asibiti likita ya haska, ya girgiza kai, ya ce "Pele, Baba," wato sannu da Yarbanci, ya bayyana musu cewa tsakiyar idon ce ta ƙone, kuma ba ta gyaruwa. Babandi bai taɓa cewa laifinta ba ne, ko da wasa. Wannan shirun ya fi duka ciwo. Ta farfasa bututun da taɓarya, ta daina zama gaba a ajin Malam Haladu, in dare ya yi kanta a ƙasa take tafiya.

Ran ashirin da tara ga azumi ya ce ta kama hannunsa su hau. Ta ce ba za ta iya ba. Ya ce, "To ni kaɗai zan hau, in na faɗo ki sani." Suka hau. Ya juya fuska har ya ji inda sauran ɗumin rana yake, ya jira aka kira salla, sannan ya miƙa hannu.

"Kamu ɗaya sama da nan, ki ɗan karkata hagu. Me kika gani?"

Jinjirin yana nan, siriri kamar yankan farce, daidai inda yatsan ya nuna.

"Ya tsaya, Kaka."

"To sauka ki gaya musu," ya ce. "Kada ki ce ni na gani."