Yaya Sanusi da Saƙon da Ya Cakuɗe

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Sanusi, mai shagon koyar da kwamfuta a Sabon Garin Gusau. Allah Ya jiƙansa. In na tuna shi, murmushi ke fara zo mini kafin hawaye, domin ban taɓa ganin wanda matsala ke faranta wa rai kamarsa ba.

Wata damina, ina aikin rigakafin dabbobi, na roƙe shi ya haɗa mana ɗan shirin kwamfuta da zai tura wa makiyaya saƙon waya: kowane gari da ranarsa, layi-layi. A kwamfutarsa komai ya fito tsaf. Da muka ɗora a ta ofishinmu, sai Bungudu da Kucheri suka haɗe a layi ɗaya, wata alama, \n, ta watsu a tsakani. Da saƙon ya fita haka, da mutane sun koro shanu daga nesa a ranar da ba tasu ba.

Ni hankalina ya tashi, shi kuwa har da tafi.

"Ƙanena, zo ka gani! Kwamfutarku ba ta lalace ba, fahimtar kwamfutocin biyu ce ta bambanta!"

Ya zaunar da ni gaban baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Ya ce alamar tana nufin a sauka sabon layi. Umarnin da ya yi amfani da shi, echo, a wata kwamfutar yakan gane hakan, a wata kuma sai ya kwafe alamar yadda take. Abin da ya fi burge shi, ƙa'idar da masana suka shimfiɗa don kwamfutoci su yi aiki iri ɗaya ba ta raba gardamar ba, ta bar kowa da al'adarsa. Amma akwai wani umarnin, printf, wanda duka suka yarda da ma'anar alamar a cikinsa. Ya sauya, muka gwada, garuruwa suka jeru. Ya yi kabbara har mai shagon kusa ya leƙo.

Ranar rigakafin Kucheri ya bi ni a babur, don kawai ya ga shanun da saƙonsa ya tara.

Yau manhaja ke rubuta wa matasa umarni cikin ƙiftawar ido. Da Yaya Sanusi yana raye, me zai ce? Na san zai yi ɗoki, ya yini yana yi mata tambayoyi, sannan ya ce, "To, a gwada a wata kwamfutar tukuna."

Shagonsa ya zama na ɗinki, kwamfutocinsa sun mutu. Amma kwanan baya na je Tsafe, inda 'yarsa Nafisa ke koyar da mata kwamfuta. Wata ɗaliba ta ce a tsorace, "Malama, na ɓata aikin."

Nafisa ta jawo kujera, fuskarta cike da fara'a.

"Madalla! Ku taso duka, yau za mu koyi abu."